Tarihin Takin Gona a Ƙasar Hausa

Tun kafin zuwan takin zamani, manoman karkarar Kano sun san kowace gona da irin buƙatarta. Da rani ake kwaso kashin dabbobi da toka da sharar birni a kan jakuna, a jibge su tsibi-tsibi, a fi yawaita su inda jigawa ta gaji. Wasu kan shirya da Fulani makiyaya, shanu su riƙa kwana a gona bayan girbi, a sallami mai garke da hatsi. Haka gonakin kewayen Kano suka daɗe ana noma su kowace shekara ba hutu.

Takin zamani ya yaɗu a shekarun 1970 bisa tallafin gwamnati, sai dai watsa shi ake yi barkatai, kuma tsadarsa kan gagari talaka. A shekarun 1990 masana a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, suka gwada zuba ɗan kaɗan cikin ramin shuka: giram 6 na takin NPK, cikin marfin kwalba, ga kowane ramin gero. Hekta mai rami 10,000 kilo 60 ke isar ta. Wahalar dabarar ita ce yawan sunkuyo a lokacin shuka, sa'ad da hannu ke ƙaranci.