Yadda ake neman takardun shari'ar mutuwar aure a Karu da kewaye

Ba kasafai ake tunawa da takardar mutuwar aure ba sai ranar da aka ce a kawo ta. Ofishin jakadanci na iya neman ta kafin ya ba da biza, ofishin rajistar aure na neman ta kafin ya ɗaura sabon aure, haka ma masu biyan haƙƙin ma'aikacin da ya rasu, ko alƙalin da zai raba gado alhali ana jayayya kan matar da wasu ke cewa mamacin ya sake ta tun yana raye.

A lokacin ne mutane da dama ke gano cewa babu wani ofishi guda a Najeriya da mutum zai shiga ya faɗi suna a fito masa da shaidar cewa aure ya ƙare. Takardar tana hannun kotun da ta yanke hukuncin. Ko a Amurka, akasari magatakardan kotun gundumar da aka yi shari'ar ne ke riƙe da fayil ɗin. Abin da ya ƙara wa lamarin wuya a nan shi ne kotuna iri uku ne ke raba aure, kowace da irin auren da take da hurumi a kansa.

Karu biyu ne

Mazaunin Karu yana da ƙarin abin lura. Akwai Karu ta Babban Birnin Tarayya, wadda ke ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Birni da Kewaye ta Abuja, maƙwabciyar Nyanya da Jikwoyi. Akwai kuma Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, wadda ta ƙunshi Mararaba da Ado da Masaka a kan hanyar Keffi. Dubban ma'aikata na kwana a ɗaya su wuni a ɗaya, har iyakar ta daina zama musu wani abu, amma a wajen kotu iyaka ce ta gaske.

Shari'ar da aka yi a Babbar Kotun Yanki ta Mararaba tana ƙarƙashin ɓangaren shari'a na Jihar Nasarawa mai hedikwata a Lafiya, kuma babu magatakarda a Abuja da zai iya sa hannu a kwafinta. Wadda aka yi a Kotun Yanki ta Karu, ko a kotunan gargajiya na Nyanya da Jikwoyi, ta Birnin Tarayya ce.

Ga tsofaffin shari'u, shekara ma tana da muhimmanci. An ƙirƙiro Birnin Tarayya a 1976, Jihar Nasarawa kuwa sai ranar 1 ga Oktoban 1996 aka cire ta daga Jihar Filato. Hukuncin da aka yanke a ɓangaren Mararaba kafin wannan rana zai zo ne da sunan kotunan Filato, kuma bai kamata hakan ya sa a yi shakkar ingancinsa ba.

Auren rajista

Auren da aka ɗaura bisa Dokar Aure ta ƙasa, wanda jama'a ke kira auren kotu ko auren rajista, har da na cocin da ke da lasisin ɗaura shi, Babbar Kotu ce kaɗai ke iya warware shi, bisa Dokar Shari'un Aure ta 1970. Ofishin rajistar da ya ɗaura auren ba ya raba shi, kotun gargajiya ko ta yanki ma ba ta da wannan iko. Wanda ke riƙe da takardar kotun gargajiya a kan auren rajista, a idon doka har yanzu yana da aure.

Hedikwatar Babbar Kotun Birnin Tarayya tana Maitama, tana kuma da zaurukan shari'a a wasu unguwanni, ciki har da Nyanya da ke kusa da Karu. Lambar irin wannan ƙara tana farawa da FCT/HC/PET, sai lambar fayil da shekarar da aka shigar da ita. Sai dai dokar ta 1970 ta bai wa duk wanda Najeriya ce mazauninsa na dindindin damar shigar da ƙarar a Babbar Kotun kowace jiha. Ma'auratan da suka yi shekara ashirin a Karu na iya kasancewa a Makurɗi ko Enugu aka raba aurensu, musamman idan ɗayansu ya koma gida kafin ya kai ƙara.

A nan ne aka fi yin kuskure mai tsada. Babbar Kotu ba ta kashe aure a tashi guda. Tana fara ba da hukuncin wucin gadi, wanda a takarda ake rubuta masa decree nisi. Sai bayan wata uku, idan ba a ɗaukaka ƙara ba, yake zama tabbatacce, wato decree absolute. Idan akwai 'ya'ya 'yan ƙasa da shekara 16, sai kotu ta gamsu da tanadin da aka yi musu kafin hukuncin ya tabbata. A tsakanin hukuncin biyu auren yana nan. Wanda ya yi sabon aure a wannan tsakani ya yi aure a kan aure, kuma idan ɗaya daga cikin ma'auratan ya rasu kafin wa'adin ya cika, hukuncin ba zai taɓa tabbata ba: wadda aka bari matar mamaci ce, da duk abin da hakan ke nufi wajen gado da fansho.

Sashe na 59 na dokar ya ɗora wa magatakardan kotu rubuta ranar da hukuncin ya tabbata, ya kuma ce kowane mutum na da ikon neman takardar shaidar hakan idan ya biya kuɗin da aka ƙayyade. Wannan takarda ce ofisoshin jakadanci da na rajistar aure ke nufi. Mutane da yawa kan karɓi kwafin hukuncin farko su tafi, ba su dawo karɓar ta biyun ba sai buƙata ta taso.

Auren Musulunci da na gargajiya

Shari'un auren Musulmi a Birnin Tarayya suna zuwa kotunan yanki ne, waɗanda dokar 2010 ta sanya ƙarƙashin kulawar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci da Alƙalin Alƙalai ke jagoranta. Idan mace ce ta nemi khul'i, ko alƙali ya raba auren saboda cutarwa ko rashin ciyarwa, akwai fayil, akwai lambar ƙara, akwai hukunci a rubuce, kuma kotun na ba da takardar shaidar mutuwar auren.

Mafi yawan saki kuwa ba ya bi ta kotu. Miji ne ke furtawa ko ya rubuta a 'yar takarda, sakin kuma ya auku a Shari'a ko da alƙali bai ji ba. Saboda haka matar da ta zo neman fayil ɗin sakin da aka yi mata a ɗaka ba za ta samu komai ba, domin ba a taɓa buɗe shi ba. Abin da ake yi shi ne ta shigar da buƙatar tabbatar da saki. Kotu za ta gayyaci tsohon mijin, ta duba takardar da ya rubuta ko ta saurari shaidu, sannan ta rubuta ranar sakin da adadinsa. Waɗannan biyun su ne ginshiƙi: daga ranar ake lissafin idda, kuma matar da mijinta ya rasu tana cikin iddar sakin da ake iya kome tana da gadonsa. Gara a yi wannan tun mijin da shaidun suna raye. Bayan mutuwa magana kan koma ta magada, kowa da abin da yake so ya tuna.

Auren gargajiya, irin na Gbagyi 'yan asalin Karu da na sauran ƙabilun da suka zauna a cikinta, yana zuwa kotunan gargajiya da dokar 2007 ta kafa a Birnin Tarayya. Shi ma sau da yawa iyalai ne ke warware shi a gida ta hanyar mayar da kuɗin aure. Wata dokar tarayya ta 1992 kan rajistar haihuwa da mutuwa ta tanadi a yi rajistar auren gargajiya da mutuwarsa a kotun yanki ko ta gargajiya cikin kwana 60, amma kaɗan ne ke bin wannan tanadi.

Abin da ake yi a ofishin magatakarda

Ana rubuta takardar buƙata zuwa ga magatakardan kotun, a sa sunayen ma'auratan kamar yadda suke a ƙarar, da lambar ƙarar, da ranar hukunci, da abin da ake so: hukuncin kaɗai, ko takardar shaida, ko dukan bayanan zaman kotu. A haɗa da katin shaida. Lambar ƙara ita ce mabuɗi, domin yawancin fayilolin na takarda ne kuma an jera su bisa shekara da lamba. Wanda ya manta ta zai iya samunta a jikin tsohon sammaci, ko rasit, ko wajen lauyan da ya tsaya masa. In duk babu, sai a ba da shekarar da sunan alƙalin a bincika littafin rajistar ƙararraki, aikin da kan ɗauki lokaci.

Kwafin da aka ɗauka a shagon hoto ba hujja ba ne. Dokar Shaida ta 2011 ta ɗauki bayanan kotu a matsayin takardun hukuma, kuma sashe na 104 ya fayyace kwafin da ake karɓa, wanda lauyoyi ke kira CTC: a biya kuɗin da doka ta sa, jami'in da ke riƙe da asalin takardar ya rubuta a ƙasanta cewa kwafi ne na gaskiya, ya sa kwanan wata da sunansa da muƙaminsa, ya buga hatimi. Ya kamata mai karɓa ya duba waɗannan tun yana tsaye a wurin, ya kuma riƙe rasit ɗin hukuma. Kuɗin da aka miƙa wa ɗan tsakani a bakin ƙofa ba ya barin wata shaida, kuma takardar bogi mai riƙe da ita take kamawa.

Waɗanda aka yi shari'ar tsakaninsu suna da haƙƙi mafi ƙarfi. Sashe na 294 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya wajabta wa kotunan da ya kafa, irin su Babbar Kotu, su ba su ingantaccen kwafin hukunci cikin kwana bakwai da yanke shi. Ga wanda ba ya cikin shari'ar, kamar mai neman aure da ke son tabbatar da maganar da aka faɗa masa, takardar shaidar tabbatar hukunci ta wadatar. Shiga cikin fayil ɗin kansa wani abu ne daban. Ko da yake a bainar jama'a ake zaman kotu, fayil ɗin aure na ɗauke da sirrin gida, da rahoton likita, da sunayen yara, kuma magatakarda na iya neman dalili ko umarnin alƙali. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ma, wadda ta bai wa hukumomi kwana bakwai su amsa buƙata, ta keɓe bayanan da suka shafi rayuwar mutum ta ƙashin kansa, sannan Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana fallasa yaran da shari'a ta shafa.

Idan aka ce fayil ya ɓace, ba a nan maganar ta ƙare ba. Alƙali yana da littafin da yake rubuta zaman kotu a ciki, kuma daga shi ana iya fitar da hukuncin. Idan an taɓa ɗaukaka ƙarar, an tattara kwafin bayanan an aika kotun sama, sai a nema a can. Takardar rantsuwa da mutum zai yi cewa takardarsa ta ɓace tana bayyana ɓatan ne kawai, ba ta maye gurbin hukuncin.

Wanda zai yi amfani da takardar a ƙasar waje yana da sauran tafiya. Bayan hatimin kotu, ana kai ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja a tantance ta, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a je ya sa nasa hatimin. Takardar saki da miji ya rubuta da Hausa ko da ajami ba ta shiga wannan layi sai kotu ta tabbatar da sakin ta fitar da tata takardar.