Daga Fijo 404 zuwa motar da ke son kwamfuta

Makon jiya, lokacin hutun ƙarfe goma, wani abokin aikina ya jawo ni gindin bedin da ke tsakar makaranta. Ya ce: "Malam, banki ya yarda ya ba ni bashin shekara huɗu. Wace mota zan saya?" Na ce masa ya bari sai mun zauna da marece, domin amsar tana da tarihi, kuma wanda bai san tarihin ba yakan zaɓi mota da ido kawai.

Mota ta shigo ƙasar nan a matsayin kayan Nasara. A ƙarshen 1924 ayarin kamfanin Citroën, motoci takwas masu sarƙa a madadin tayoyin baya, ya ratsa hamada ya biyo ta Yamai da Damagaram ya nufi tafkin Chadi. Daga baya gyaɗa ta kawo manyan motoci, alhazan Maraɗi suka shiga harkar sufuri, wasu zuwa tashar jirgin ƙasa ta Kano, wasu kuma, daga shekarun 1950, ta hanyar Gaya da Paraku zuwa Kwatano. Duk wannan lokaci talaka da ƙaramin ma'aikaci fasinja ne. Mushen lakwal na zamanin iyayenmu, in ya samu keke ko mobilet, ya gode Allah.

Motar da ta fara zama ta gida ita ce Peugeot, Fijo a bakinmu. 404 ta fito a Faransa a 1960, 504 ta biyo a 1968. Wanda ya tashi a shekarun 1980 kamar ni ba zai manta da 404 bashe ba, ranar kasuwa, an ɗora buhunan hatsi, an ɗora mutane bisa buhunan, karen mota na rataye a baya. Mutane kan ce ƙarfinta ne ya sa ta daɗe. Ƙarfi kam tana da shi, amma ni a ganina abu biyu ne suka riƙe ta.

Na farko, kayan gyaranta suna kusa. Tun 1975 ake harhaɗa Fijo a Kaduna, kuma an ci gaba da fitar da 504 a can har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa kanta ta daɗe da dainawa. Mai mota a Maraɗi ko Magarya zai aika da safe a sayo masa abin da ya lalace a Ƙofar Ruwa ta Kano, kashegari an ɗaura. Da darajar naira ta fara zubewa daga 1986, mai sefa a aljihu ya ƙara samun sauƙi. Na biyu, injinta ba ya ɓoye ciwonsa. Makanike ya buɗe gaba, ya saurara, ya busa karburato, ya goge buji, ya ce a tayar. Yaron da ya yi shekara biyar yana miƙa masa sifana zai koyi wannan duka da ido da kunne, ko da bai taɓa riƙe alli ba. Ku riƙe wannan batu, zan dawo kansa.

Akwai wata hanyar da matasa ba su sani ba. A shekarun 1970 da 1980, lokacin da kuɗin yuraniyom suka shigo aka kuma shimfiɗa gudron Tawa zuwa Arlit, samarin Turai kan sayi tsohuwar Fijo a ƙasarsu, su tuƙo ta ta Aljeriya, Tamanrasat, Asamaka, Arlit, Agadas, su sayar a nan, su koma gida da jirgi. Ma'aikata da dama ta haka suka mallaki motarsu ta fari. Rashin tsaro a Aljeriya da tawayen arewacin ƙasarmu a farkon shekarun 1990 suka rufe wannan ƙofa.

Sai Janairun 1994. Aka wayi gari an karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100. Duk abin da ke zuwa daga Turai ya ninka, a daidai lokacin da ma'aikata ke bin gwamnati bashin albashin watanni. Sabuwar mota, wadda da ma ta manya ce, ta zama ta gwamnati da ƙungiyoyin agaji. Sauran jama'a suka koma ga motar hannu, wadda Bature ya gaji da ita, aka loda ta a jirgin ruwa daga Beljiyam ko Jamus zuwa Kwatano. Ta nan ne Toyota ta ture Fijo: Starlet da Corolla suka zama tasi a Yamai, Hiace ta kama hanyoyin garuruwa. Ba su shan mai kamar 504, kuma da suka yawaita sai kayansu suka yawaita, galibi ma daga jikin ƴan uwansu da aka wargaza.

Abin da ya kamata mai saye ya sani shi ne, yawancin motocin nan ba dominmu ake kawo su ba. Babbar kasuwar ita ce Najeriya. Kafin Yulin 2023 akan fitar da su daga Kwatano da takardar wucewa zuwa Nijar, su haye gadar Malanbil da Gaya, su biyo Doso da Ƙonni da Maraɗi, daga nan su tsallaka. Mu muna cin albarkacin hanya ne: duwan ya samu, direbobi da dillalai sun samu, mai neman mota ya samu zaɓi da sauƙin kuɗi. Shi ya sa duk lokacin da wani ya yanke shawara a wata fada mai nisa, aljihunmu ne ke ji. A Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ta rufe iyakokin baki ɗaya. Bayan 26 ga Yulin 2023 gadar Gaya ta rufe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, cikin ayari da rakiyar soja. Dillali ba shi ke biyan kuɗin wannan zagaye ba.

Mai ma haka. Shekara da shekaru mai motar Maraɗi da Damagaram ya dogara ga ƴan ruwa-ruwa, masu kwalabe a bakin titi, saboda tallafin da Najeriya ke sa wa manta. An buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram a Nuwamban 2011, amma kwalba ba ta ɓace ba. Abin da ya girgiza ta shi ne ranar 29 ga Mayun 2023, da shugaba Tinubu ya ce tallafi ya ƙare. Fijo kan haɗiye man kwalba da ƙurarsa ta yi tari ta wuce. Motar yau ba ta yafewa: fanfon mai da ke cikin tanki ne ke fara mutuwa.

A gaskiya, abin hawan malamin makaranta na shekara ashirin da suka wuce babur ɗin Sin ne, musamman ga ƴan kwantiragi, kuma har yanzu ban ga abin kunya a ciki ba.

Yanzu in dawo kan batun da na ce ku riƙe. Tun 1996 doka a Amurka ta wajabta wa kowace ƙaramar mota kwamfutar da ke lura da inji da kafar da ake jona na'ura a karanta matsalarta, Turai ta bi sahu a 2001 ga masu amfani da fetur. Ke nan kusan duk motar hannu da ke isowa gare mu yau irin wannan ce. Na koyi haka da kuɗina. Corolla ɗina ta kunna wata fitila mai ruwan ɗorawa, tana shan mai kamar an huda ta. Na kai ta wurin wani dattijon makanike da nake girmamawa, wanda ya yi suna a zamanin 504. Ya canza buji, ya canza fanfo, ya wanke abin da zai wanku. Mako uku ina tafiya aiki a kabu-kabu, jika saba'in suka tafi, a ƙarshe ya ba ni shawara a cire ƙwan fitilar in huta. Wani tsohon ɗalibina ne, da ya yi brebe sannan ya shiga makarantar koyon sana'a, ya jona ƴar na'urarsa, ya karanta lambar da ta fito, ya duba ma'anarta a wayarsa, ya ce ƴar na'urar da ke auna hayaƙi a salansa ce ta mutu. Aikin bai kai awa ɗaya ba. Dattijon ba mugu ba ne, sana'ar ce ta canza harshe ta bar shi.

Duk shekara sai uba ya zo ya same ni, ya ce yaron nan ba ya ja, zai cire shi daga aji biyar ya kai shi garaj. A zamanin 404 wannan shawara ce mai ma'ana, ta kuma ciyar da gidaje da yawa. Yau yaron da ba ya iya karanta lamba da ɗan Faransanci ko Ingilishi zai tsufa yana kwance taya da juyen baƙin mai, wani ƙaninsa kuma na riƙe da na'urar yana karɓar kuɗin. Ba na hana kowa garaj. Ina roƙon a bar yaro ya kai brebe, ya riƙa zuwa garaj ɗin ranakun da babu lakwal da lokacin babban hutu.

Da marece na zauna da abokin nawa. Na ce kafin ya je wurin dillali ya fara zagaya masu sayar da kayan gyara na garinmu, ya ga wace mota ce kayanta suka cika shago, ya kuma nemi makaniken da ke da na'ura ya tafi da shi ranar saye. Ya tabbata takardar duwan ta gaske ce, lambar shasi ta dace da ta kartagiris. Sannan muka ɗauki takarda muka rubuta abin da banki zai riƙa cirewa duk wata, muka ƙara mai, asurans, binyet, bizit, juye, da tayoyi huɗu, muka cire daga albashinsa. Ya daɗe yana kallon abin da ya rage, shi da ƴaƴa biyar, biyu a kwaleji. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce zai yi shawara da uwargida. Yau da safe dai a babur ɗinsa ya zo.