Fuskar Da Aka Ƙi Saya

A shekarar 1963 kamfanin Rolex na ƙasar Suwizalan ya fito da agogon da muka sani yau da suna Daytona, domin masu tseren motoci. Kuɗinsa dala 200 ne da 'yan kai, kuma bai yi kasuwa ba. A cikinsu akwai waɗanda aka sa wa wata fuska ta daban, aikin kamfanin Singer: fara ko baƙa, da ƙananan da'irori uku masu kishiyar launi. Waɗannan su suka fi daɗewa a kanti suna shan ƙura.

Irinsu Joanne Woodward ta ba mijinta, jarumin finafinan Amurka Paul Newman, bayan son tseren mota ya kama shi. Ta sa aka zana saƙo a murfin baya, cewa ya riƙa tuƙi a hankali. A shekarun 1980 masu tara agogo, musamman na Italiya, suka laƙaba wa fuskar sunansa, farashi ya tashi. A watan Oktoban 2017 gidan gwanjon Phillips ya sayar da nasa na kansa a birnin New York a kan sama da dala miliyan 17.

Injin da ke ciki, Valjoux 72 mai wani da hannu, shi ne dai a cikin masu fuskar gama-gari. Fuska ce kawai ta ninka kuɗin. Matsalarmu, mu masu sha'awar abin, ita ce fuska ba ta da wuyar cirewa. Mai gyara zai sauya ta cikin ɗan lokaci. Da kuɗi ya shigo, sai jabu suka cika kasuwa, aka kuma riƙa ɗora fuskar gaske a jikin da ba nata ba.

Shi ya sa idonmu ya koma kan gangar jikin. Tsakanin ƙafafun da ke riƙe maɗauri akwai lambar samfuri a sama, lambar ƙira a ƙasa, wadda ke nuna lokacin da aka yi shi. Samfurin 6239 zoben ƙarfe gare shi, 6241 baƙin zobe, 6263 kuwa madannansa murɗa su ake yi don kada ruwa ya shiga. Dole fuska ta dace da samfurin da shekarunsa.

A ganinmu jikin ya fi cancantar a fara dubawa. Ko ƙarce ba aibi ba ne: wanda aka goge har kusurwoyinsa suka zaizaye yakan faɗi ƙasa da mai tabo a wajen gwanjo.