Tsofaffin Zane-zanen Tsuntsaye da Tarihin Saran Itatuwa a Ƙasar Bagudo

Manufar wannan takarda ita ce a duba ko zane-zanen tsuntsaye da ke cikin littattafan Turawa na da za su iya zama shaida ga mai binciken tarihin daji a ƙasar Bagudo, watau daga Kaoje zuwa Illo da Lolo, inda Nijeriya ta yi iyaka da Jamhuriyar Binin. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta yanka wannan iyaka, amma daji ɗaya ne a kowane ɓangare, tsuntsayen ma ɗaya.

Tsakanin 1885 da 1886 Bajamushe Ernst Hartert, masanin tsuntsaye, ya ratsa Zariya da Kano da Sakkwato har Gwandu tare da Paul Staudinger. Bayansa aka sami littafin G. L. Bates na 1930, wanda Henrik Gronvold ya yi wa zane, da kuma juzu'i takwas na D. A. Bannerman a kan tsuntsayen Afirka ta Yamma, daga 1930 zuwa 1951.

Wajibi ne a yi hattara a nan. Masu zanen a Ingila suka yi aikinsu, daga busassun fatun tsuntsaye da aka aika musu. Saboda haka reshen da ake gani a ƙarƙashin ƙafar tsuntsu ado ne kawai, ba hujja ba ne cewa ga irin itacen da ke wurin. Wanda ya kafa hujja da reshen ya yi gini a kan yashi. Amfanin zanen shi ne ya tabbatar da jinsin tsuntsun, sa'an nan bayanin da ke gefensa ya faɗi inda yake sheƙa. To, a nan ne maganar itace take shigowa.

Alal misali, burtu ba ya saƙa sheƙa. Kogon babban itace yake nema, irin na tsohuwar kuka. Cilakowa ma haka, har macen kan liƙe bakin kogon da laka ta zauna ciki, namijin yana miƙo mata abinci ta 'yar kafa. Tsirya da maƙwaƙwafi duk a kogo suke ƙwai. Ungulu kuwa ƙololuwar doguwar bishiya take so, kuma ƙwai ɗaya tak take yi. Kogo ba ya samuwa sai itace ya shekara da yawa, kuma irin wannan itacen ne mai gawayi da mai katako suke fara sa wa gatari. Manomi, a gaskiya, ba shi ne babban mai laifi ba, domin tun kaka da kakanni yakan bar kaɗanya da ɗorawa a tsakiyar gona. Abin da ya sauya shi ne kasuwa. Madobiya, alal misali, an sare ta a Binin da Nijeriya ana kai wa Sin, har a 2017 aka sa ta cikin itatuwan da dokar duniya ta taƙaita cinikinsu. Tun a 2015 kuwa aka sa ungulun gari cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, ko da yake guba da cinikin sassanta don magani sun fi sara yi mata ɓarna.

Hanyar da nake ganin ta fi dacewa ita ce a ɗauki waɗannan zane-zane a kai wa tsofaffin maharba da Fulani makiyaya na Kaoje da masuntan Lolo, a tambaye su sunan kowane tsuntsu, da itacen da yake kwana, da shekarar da suka daina ganinsa. Sa'an nan a gwada amsarsu da abin da ya rage a Gandun Dajin W, wanda Faransa ta keɓe a 1954 a can ƙetaren iyaka, inda tsofaffin itatuwan suka fi tsira.