Karkacewar Haske: Tarihin Gano Ƙa'idarta

Karkacewar haske ita ce sauya hanyar da haske yake yi idan ya fita daga wani abu garai-garai ya shiga wani, kamar daga iska zuwa ruwa ko gilashi. Duk wanda ya tsoma sanda a gulbin Gagare da ke ratsa Ƙauran Namoda ya ga yadda take zama kamar ta karye daidai fuskar ruwa. Haka ma kawalwalniyar da ake hanga da bazara a kan kwaltar Shinkafi: iskar da ke daf da titi ta fi ta sama zafi, sai ta lanƙwaso hasken sararin sama zuwa ido, mutum ya ɗauka ruwa ne kwance.

Wanda ya fara auna abin da lissafi shi ne Batlimus na Iskandariyya, a ƙarni na 2. Ya bayyana yadda kuɗin da aka sa a gindin kwano, gefen kwanon ya tare shi, yake bayyana da zarar an zuba ruwa. Ya kuma jera ma'aunin kusurwa daga digiri 10 zuwa 80. Alƙalumansa sun kusa, amma ƙa'idar da ke haɗa kusurwar shigar haske da ta karkacewarsa ta kuɓuce masa.

A Bagadaza aka samo ta. Wajen shekarar 984 Abu Sa'ad al-Ala Ibn Sahl ya rubuta littafi kan madubai da gilasai masu tara hasken rana su kunna wuta, ya zana ƙa'idar daidai, ya yi aiki da ita wajen fitar da siffar gilashin da zai tara haske wuri guda. Sai littafin ya tarwatse, wasu warƙoƙi a Dimashƙa, wasu a Tehran, har Roshdi Rashed ya haɗa su ya bayyana wa duniya a 1990. Abin mamaki, Ibn al-Haisam, wanda ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira tsakanin 1011 da 1021, bai kawo wannan ƙa'ida ba, ko da yake ya yi hasashen cewa haske yana rage gudu a cikin abu mai kauri. Wajen 1300 kuma Kamaluddin al-Farisi ya cika ƙwallon gilashi da ruwa a matsayin ɗigon ruwan sama, ya nuna haske yana karkacewa wajen shiga, ya dawo daga bayan ɗigon, ya sake karkacewa wajen fita. Nan asalin bakan gizo yake, wanda ake gaya wa yara wai shanye ruwan sama yake yi.

Turai ta sake gano ƙa'idar da kanta: Willebrord Snell na Holan a 1621, René Descartes ya buga ta a 1637. Sunan Snell ake koya wa ɗalibai har yau, alhali Ibn Sahl ya riga shi da fiye da shekara 600. Dalilin karkacewar ne aka daɗe ana gardama a kansa, domin ya rataya ne a kan gudun haske. Descartes da Newton sun ce haske ya fi sauri a ruwa fiye da a iska, Fermat ya ce a'a, sai a 1850 gwajin Léon Foucault ya ba Fermat gaskiya. Haske yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa a sarari, 225,000 a ruwa, wajen 200,000 a gilashi.

Tabarau, wanda aka fara yi a Italiya a ƙarshen ƙarni na 13, da idon kyamarar waya, da zaren gilashin da ke ɗauke da intanet, duk a kan wannan ƙa'ida suke. Har lokutan salla ta shafa. Iskar da ta lulluɓe duniya tana ɗaga hoton rana da kusan rabin digiri idan ta kai bakin sama, don haka ranar da mai azumi a Zurmi yake gani tana taɓa ƙasa ta riga ta faɗa ƙarƙashin bakin sama. Masu tsara jadawalin magariba da hudowar rana suna sa wannan bambanci, na kusan minti 2, a lissafinsu.