Rigar Kariya Daga Nutsewa: Yadda Ake Gane Wadda Ke Ceton Rai

A watan Mayun 2021 wani jirgin ruwa maƙare da fasinjoji ya kife a Kogin Neja kusa da Warrah, a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi. A ƙarshen Nuwamban shekarar, aƙalla mutum 29, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, suka rasu a Madatsar Ruwa ta Watari da ke Bagwai a jihar Kano. A Yunin 2023 kuma fiye da mutum 100 da ke dawowa daga biki suka halaka a yankin Patigi na jihar Kwara.

Bayan kowane irin wannan haɗari, dalilan da ake lissafawa ba sa sauyawa: lodin da ya wuce ƙima, tafiyar dare, da rashin rigar kariya. Hukumomi kan yi alƙawarin raba riguna, a ɗauki hotuna, a watse. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne wace irin riga aka raba, alhali rigunan da ke sa mutum ya taso saman ruwa iri-iri ne, kuma ba dukansu aka ƙera don ceton wanda bai iya ninƙaya ba.

Ma'anar lambar da ke jikin riga

Ana auna ƙarfin ɗagawar riga da ma'aunin Niuton, wanda ake rubutawa da harafin N. Kowane N 10 na ɗaga nauyin kusan kilo 1 a cikin ruwa. Wannan ya wadatar ne saboda ruwa da kansa yana ɗauke mafi yawan nauyin jikin mutum. Aikin rigar shi ne ta riƙe baki da hanci a waje.

Ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 12402 ta kasa rigunan gida huɗu. Mai N 50 taimako kawai take yi wa wanda ya iya ninƙaya kuma yake kusa da gaɓa, ba ta juya wanda ya suma. Mai N 100 ta ruwa ce mai kwanciya. Mai N 150 an tsara ta ne ta birkito da wanda hankalinsa ya gushe, fuskarsa ta kalli sama. Mai N 275 ta ma'aikatan teku ce masu sanye da kaya masu nauyi.

Ga fasinjan kwale-kwale a babban kogi, musamman da damina idan ruwa ya cika yana gudu, mai N 50 ba ta isa ba. Mafi ƙaranci ita ce mai N 100, kuma mai N 150 ta fi dacewa.

Ta soso ko ta iska?

Rigar da aka cika da soso tana aiki nan take, babu abin da za a ja ko a danna. Ta iska kuwa tana ɗauke da ƙaramar tukunyar gas da ke hura ta idan an ja igiya ko ta taɓa ruwa. Ba ta da nauyi, amma tana buƙatar dubawa a kai a kai, kuma da zarar ta huru sau ɗaya sai an sauya tukunyar. A mashigar ƙauye inda riga ke yawo daga wuyan wannan zuwa wancan, ta soso ce ta fi aminci.

Rigar masu nutso daban take

Akwai wata rigar da masu nutso ƙarƙashin ruwa da tukunyar iska ke sawa, wadda ake kira BCD a taƙaice. Manufarta daidaita mai nutso a zurfin da yake so: yana ƙara mata iska daga tukunyarsa ta wani bututu yayin da yake sauka ƙasa, yana sakin iskar yayin da yake hawowa. Dalili kuwa, a zurfin mita 10 matsin da ke kan jiki yana ninkawa, iskar da ke cikin rigar ta tsuke zuwa rabi, sannan ta sake kumbura yayin hawowa.

Wannan riga ba ta ceton fasinja ba ce. Idan babu iska a ciki ba ta ɗaga kowa, kuma irin wadda jakar iskarta ke baya tana iya kifa fuskar wanda ya suma cikin ruwa. Amfaninta na ga masu aikin ceto. A yawancin haɗurran da aka ambata, masunta da sarkawan yankin ne ke fara faɗawa ruwa da numfashinsu kawai. Duk jihar da za ta saya wa jami'an cetonta wannan riga, wajibi ne horo ya riga kaya zuwa, domin hawowa da sauri ko riƙe numfashi bayan shaƙar iskar tukunya na iya fasa huhu.

Abin dubawa kafin saye ko sawa

Na farko, a karanta tambarin da ke ciki: lambar N, ƙa'idar da aka bi, da nauyin mutumin da aka yi ta dominsa. Rigar da ba ta da tambari abar zargi ce.

Na biyu, a gwada. A ɗaure dukkan maɗaurai, wani ya kama kafaɗun rigar ya ja sama. Idan ta haura kunnuwa, ta yi yawa, kuma a ruwa za ta iya suɓulewa. Igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu ita ce ke hana hakan.

Na uku, a matse soson. Idan ya yi tauri, ya ruɓe, ko ya ƙi komawa yadda yake, rigar ta gama aiki. A duba ɗinki da maɓallai, a zaɓi launi mai ɗaukar ido kamar ruwan goro, mai usur da ƙyallen da ke sheƙi idan haske ya same shi.

Na huɗu, yaro ba ya sa rigar babba. Jariri ma na da tasa, kuma rigar uwa ba ta kare goyon da ke bayanta. Ana sa riga a saman tufafi, a ɗaure ta tun kafin jirgi ya tashi, domin kifewa ba ta ba da lokacin shiri.

Wa ke da alhaki?

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ita ce ke sa ido kan sufurin koguna, ƙarƙashin ma'aikatar harkokin teku da aka ƙirƙiro a 2023. Ƙa'idojin sufurinta sun wajabta sanya rigar kariya, sun kuma hana lodin wuce kima da tafiyar dare.

Saboda haka idan gwamnati ta sanar da rabon riguna, akwai tambayoyin da ya kamata 'yan ƙasa su yi: mai N nawa ce, nawa aka sayi kowace ɗaya, guda nawa ne na yara, a wace mashiga aka ajiye su, kuma wa zai amsa idan aka wayi gari babu su? Fasinja kuma na da haƙƙin ya nemi riga kafin ya biya kuɗin jirgi, ya sauka idan an ce babu.