Tarihin Binciken Illar Ruwan Masana'antun Takarda ga Kifaye

Idan muka waiwayi tarihin wannan bincike, za mu fara da 1980, lokacin da Howell da abokan aikinsa suka tarar matan kifin Gambusia sun fito da gaɓar maza a rafin Elevenmile na Fulorida, inda wata masana'antar takarda ke zubar da ruwanta. Bayan haka aka ga kifayen mashigin ruwan Jackfish, a ɓangaren Kanada na tafkin Superior, suna jinkirin balaga. Da fari kulorin aka zarga, amma illar ta bayyana har inda ba a amfani da shi. Sai hankali ya koma kan itacen kansa, musamman sinadarin sitosterol, wanda bakteriya ke iya juyawa ya zama mai aiki irin na sinadarin maza. Saboda haka muke ganin barin kulorin kaɗai bai isa ya kare haihuwar kifaye ba.